Taƙaitawa: wurin ba tsuntsaye abinci da hunturu

To jama'a ga abin da na tsinto daga doguwar hirar da aka yi kan yadda za a haɗa wa tsuntsaye wurin cin abinci da hunturu.

1. Kusan kowa ya ce robar ruwa ta fi sauƙi, a huda gefenta a cusa kara su samu wurin sauka, a rataye ta da igiya. Wasu kuma tsohuwar ƙwarya suka zaɓa, amma sai an huda gindinta don kar ruwa ya kwanta.

2. Abincin kuwa gero da dawa, ko gyaɗa marar gishiri. Mai funfuna kam a zubar, guba ce.

3. Ruwa ma ya fi abincin muhimmanci tunda komai ya bushe, kasko ɗaya ya isa amma a riƙa wankewa.

4. A ɗaga sama saboda kyanwa, kuma nesa da kaji saboda murar tsuntsaye.

Inda aka rabu: 'yan uwa na Ingila da Kanada sun ce a cuɗa hatsi da kitse, na gida suka ce rana za ta narkar da shi, ni dai ina ganin gaskiyar na gida. Wasu sun ce ɓeraye kawai za a tara, aka ce musu a zuba kaɗan da safe a share ƙasa da yamma.