Zane da rubutu wajen fitar da damuwa: abin da aka tattauna

To jama'a, maganar da muke yi kan ko zane da rubutu na taimakawa wajen fitar da damuwa ta yi tsawo, bari in tattaro abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda ba sai ka iya zane ba. Ba kyau ake nema ba, abin da ya tokare maka ƙirji ake so ya fito, ko da zane-zanen biro ne barkatai.

2. Rubutu ya fi samun magoya baya. An kawo gwajin da masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya yi a 1986 a Amurka, minti 15 kullum har kwana 4 kana rubuta abin da ke cin ranka ba ruwanka da gyaran kuskure, amma fa an ce da farko sai ka ji kamar abin ma ƙaruwa ya yi, daga baya yake lafawa.

3. Nan aka rabu: wasu sun ce a nuna wa likitan ƙwaƙwalwa abin da aka zana ko aka rubuta, wasu suka ce a yaga kawai. Ni dai na fi karkata ga nunawar, don ba fassara maka zai yi ba, tambayarka zai yi.

4. Waƙa da kwaɓa yumɓu, kaɗan ne suka taɓo su.

5. Wanda ciwon da ke ransa ɗanye ne, ko yake tunanin cutar da kansa, kar ya tono shi shi kaɗai, ya fara ganin ƙwararre tukuna.