Fitsarin kare ya ƙone min ciyawa

Mai tambaya, Garwa: Salamu alaikum. Karyar da ke mana gadi ta lalata 'yar ciyawar da na shuka a tsakar gida. Duk inda ta tsuguna sai wurin ya bushe ƙamas, gefensa kuma kore shar. Ina mafita?

Daga Marwa: Ɗan'uwa, fitsari akwai yuriya a ciki, irin takin masara. In ya taru wuri guda ƙonawa yake, wanda ya tsarma a gefe kuma ya zama taki. Da ta yi, kwara bokitin ruwa.

Daga Njamena: Ruwan da muke saye jarka-jarka a watan Afrilu? Ni yashi na zuba bayan ɗaki, na saba wa nawa da can.

Mai tambaya: Uwargida ma cewa ta yi in tuge ciyawar in shuka yakuwa.