Wai ta ina suke samun lambobinmu ne, har da sunan da ake kiranmu da shi a gida?

Ɗan Kawo:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin waya ku taimaka min da bayani, abin nan ya tsaya min a rai. Saƙo ne ya shigo min daga wata lamba da ban sani ba, wai wani abokina ya ci bashi a irin manhajojin nan na lon bai biya ba, suka sa hotonsa suka rubuta ɓarawo a ƙasa, wai in gaya masa ya biya ko su watsa shi duniya. Wallahi tun muna firamare na san yaron nan, ba ɓarawo ba ne, mahaifiyarsa ce ta kwanta asibiti ya rasa inda zai sa kansa.

To ba ma wannan ba, abin da ya fi ɗaure min kai shi ne sun kira ni da sunan da 'yan gidanmu da abokan yarinta kaɗai suka san ni da shi, ba wanda ke kan katina ba. Ni ban taɓa sauke manhajarsu ba, ban tsaya masa ba, ban ma san ya ci bashin ba sai ranar. To ta ina? Kuma in har sun san wannan, me kuma suka sani a kaina, tunda yanzu komai a haɗe yake, layi da NIN, banki da BVN, hoto da zanen yatsa duk mun bayar. Akwai abin da mutum zai iya yi ko zuba ido kawai za mu yi?

Usta Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam Ɗan Kawo. Allah ya ba mahaifiyar abokinka lafiya. Ba daga wayarka suka samu ba, daga tasa ne. Ranar da ya sauke manhajar ta tambaye shi izinin shiga lambobinsa da hotunansa da saƙonninsa, shi kuma yana cikin matsuwa ba zai tsaya karanta komai ba, ya danna ya amince, a take suka kwashe duk lambobin da ke wayar zuwa wajensu, kowace lamba da sunan da ya yi mata sebin da shi. Shi ya sa suka kira ka da sunan gida, haka ya rubuta ka. Ko ya goge manhajar yanzu abin da suka ɗauka ya riga ya tafi.

Haka ma manhajojin nan masu nuna maka sunan wanda ya kira ka, da yawansu daga wayoyin mutane suke tara sunayen, shi ya sa za ka ga mutum ya fito da suna kamar "wane mai gawayi" ko "mijin wance", wani ne can ya yi masa sebin haka.

Ni a nan wajen Ahmadu Bello Way nake aiki kuma abin da nake gani kullum yana damuna. Manhajar tocila tana neman izinin shiga lambobi, me tocila za ta yi da lambar surukarka? Manhajar gyaran hoto tana neman sanin inda kake. Google dai ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane tun ƙarshen watan Mayu na 2023, amma wannan ga waɗanda ke cikin Play Store ne, masu mugun nufin sai su turo maka link ta WhatsApp ko ka ga talla a Facebook ka sauke ta bayan fage, a nan babu mai tace komai. Mu 'yan Kaduna kuma mun saba da "turo min ta Xender", manhaja ta bi hannu goma ba wanda ya san asalinta.

Ka shiga setin na wayarka wajen izinin manhajoji, ka duba su wa ka ba lambobi, su wa ka ba kyamara da makirfo da wurin da kake. Duk wadda ba ta da dalili ka janye. Sannan in za ka kawo mana gyara, don Allah ka cire sim da memori, in allo ne kawai ya fashe ba dole sai ka ba da faswod ba. Ina faɗa ne a matsayina na ɗan sana'ar, akwai masu tsoron Allah a cikinmu akwai kuma yaran shago da hannunsu ke ƙaiƙayi.

Maman Ilham:

Usta Allah ya saka da alheri. Ni abin da zan ƙara, mu mata masu sana'a a waya mun fi kowa shiga wannan hatsarin, saboda lambarmu ce shagonmu, dole mu watsa ta. Ina sai da atamfa da turaren wuta daga gida, in na saro kaya a Kasuwar Barci ko babbar kasuwa ta Sheikh Gumi a sitatus nake tallata su. Wata ƙawata aka kira ta aka ce daga guruf ɗin makarantar Islamiyyar yaransu ne, za a yi taro ta intanet, an turo mata wasu lambobi 6 ta karanto su a sa ta a ciki. Tana karantowa WhatsApp ɗinta ya fita daga hannunta. Kafin magariba sun bi kwastomominta da 'yan uwanta suna cewa a tura kuɗi tana cikin matsala, kuma an tura, saboda da hotonta da sunanta ake magana. Lambobin nan 6 su ne mabuɗin, WhatsApp ba ya kiran kowa ya tambaye su. Kowa ya je ya kunna tsaron nan mai mataki biyu ya sa fin ɗinsa, ko minti biyu ba ya ɗauka.

Amma gaskiya abin da ya fi ci min rai ba 'yan damfara ba ne, mu ne da kanmu. A je biki ko suna a ɗauke ki bidiyo kina cin abinci ko mayafinki ya zame, sai dai ki ga kanki a TikTok. Ki yi wa mutum magana ta amana ya yi sikirinshot ya kai guruf. Iyaye su sa hoton yaro da yunifom, bajon makaranta na nan ƙarara, har da ajinsa da lambar gida a bayansa, a garin da duk mun san abin da masu garkuwa da mutane suka yi mana. Addini ma ya hana bin diddigin sirrin mutane da yaɗa shi, amma da waya ta shigo sai muka ɗauka kamar hukuncin bai shafi abin da yatsa ya tura ba.

Bala Rigasa:

Ni fa ban ga abin tada hankali ba sosai. Talaka me zai ɓoye? Asusuna babu komai a ciki, in sun ga dama su karanta. Kuma wa za ka kai wa ƙara? Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN saboda tsaro, muka yi ta bin layi rana na dukanmu, amma 'yan bindiga ba su daina kiran waya suna cinikin kuɗin fansa ba. A 2021 ma ai datse sabis aka yi gaba ɗaya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan irin su Birnin Gwari da Giwa, mutane na tafiya mai nisa kafin su samu su kira 'yan uwansu. Wanda zai iya kashe maka layi duk ranar da ya so, shi za ka ɓoye wa lamba? Mu dai Allah ya tsare kawai.

Barista Ƙarama:

Malam Bala, amin, amma ban yarda da kai ba a nan. Maganarka kan NIN da tsaro akwai gaskiya a ciki, mutane da yawa na da wannan ƙorafin. Sai dai cewa talaka ba shi da abin ɓoyewa, ai talakan ne ma ya fi cutuwa. Ba kuɗin asusunka suke nema ba, sunanka suke nema. Da NIN ɗinka da BVN da hotonka za a iya yi wa layi rajista ko a buɗe asusu ko a ci bashi, ranar da aka yi ta'asa da layin ƙofar gidanka za a ƙwanƙwasa, kuma mai kuɗi yana da lauya, kai wa gare ka? Ku duba yadda muke barin fotokwafin takardar NIN a shagunan kafe, ko mu miƙa wa mai POS kati mu faɗa masa fin da baki a gaban jama'a, ko a ce ana raba tallafi a turo BVN a wani link da ba a san mai shi ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito ta ce ta gano shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan kuɗi ƙalilan har naira 100. Hukumar NIMC mai ba da NIN ta ce ba a kutsa rumbunta ba, amma ko ma ta ina suka fita, sun fita.

Batun wa za a kai wa ƙara kuma, akwai. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, ita ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka haƙƙin tambayar kamfani me ya ajiye a kanka, ka janye amincewarka, ka nemi a goge, in sun ƙi ka kai koke. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya tun 2022 take bin manhajojin bashin nan, har samame ta kai ofisoshin wasunsu a Legas, ta kuma sa dole su yi rajista. Ita ce ma ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a watan Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar nan. Ban ce komai na tafiya daidai ba, abin na da jan ƙafa sosai, amma in duk muka yi shiru su kuma hukumomin da me za su yi aiki?

Ɗan Kawo, ka gaya wa abokinka bashi dai zai biya, wannan haƙƙi ne a kansa, amma tozarta shi da tura hotonsa ga mutane laifi ne daban, bashin bai halatta musu shi ba. Kar ku goge saƙonnin. Ku adana su da lambar da ta turo da ranar da sunan manhajar, da su za a rubuta koken.

Ɗan Kawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na duba setin ɗin kamar yadda Usta ya ce, har wata manhajar ƙwallo na samu tana da izinin lambobina, na janye. Usta tambaya ɗaya kuma, ina so in sai da tsohuwar wayata, goge hotuna da saƙonni ya isa?

Usta Mai Gyaran Waya:

Bai isa ba. Ka fara kwashe abin da kake so, ka fita daga WhatsApp da manhajar banki, ka cire akawun ɗinka na Google daga wayar, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka zare memori da sim. Tsohon layin kuma kar ka yar da shi haka nan in yana haɗe da bankinka, don in ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin layi na sake sayar wa wani, alat ɗinka da kod ɗinka su koma shiga wayar baƙo. Ka je banki ka canza lambar tukuna.