Ƙarfafa shasin mota na iya canza tsayinta daga ƙasa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman bakanikai. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008. Makonni biyu da suka wuce na sa aka ɗaura mata sandar ƙarfe da ke haɗa kawunan shokozoba biyu na gaba, da wata a ƙarƙashi, don jikin motar ya rage murɗewa a kwana.

Tun ranar, gaban motar ya ɗaga. Na auna a kan siminti mai daidai, daga tsakiyar taya zuwa bakin fenda: hagu ya fi dama da santimita ɗaya da rabi, alhali da can daidai suke. Iskar tayoyi kuma ɗaya ce.

Bakaniken ya ce sandar ce ta ɗaga ta, wai za ta zauna. Hankalina bai kwanta ba, domin a sanina sifirin (naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke jikin shokozoba) ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta. Abin da nake zargi: ya kwance hannun ƙasa (ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota), ya ɗaure notocin bushin (robar da ke mahaɗar hannun) alhali motar na kan jak, tayoyi na lilo, robar ta murɗe. Ko kuwa sifirin ne bai koma mazauninsa ba?

In an sassauta notocin, aka sake ɗaurewa alhali tayoyi na taka ƙasa, za ta daidaita? Don Allah a taimaka, da motar nake kai yara makaranta.