Abin da na tsinta a hirar majalisarmu ta Unguwar Rogo

Jiya bayan isha'i muna wajen mai shayi aka tayar da maganar me ya sa ƙasashe irin namu ba sa cigaba, wallahi har sha ɗaya ba mu tashi ba. Ga shawarwarin da na riƙe.

Wani dattijo, Baba muke ce masa, shi ya fi daɗewa yana magana, ya ce ƙasa kar ta jingina da abu ɗaya, ku dubi kuzar da Turawa suka haƙa a nan Filato, yau me ya rage mana in ba ramuka cike da ruwa ba, kuma haka muka koma muka rungumi fetur. Ya kawo misalin Botswana, ta samu 'yanci a 1966 tana cikin talauci, kuɗin lu'ulu'unta ta zuba a makarantu da asibitoci da hanyoyi. Ni dai wannan ta shige ni sosai.

Wani direba ya ce dankalin Bokkos da Mangu a gabansa yake ruɓewa cikin buhu saboda babu wurin ajiya, a fara da nan, a riƙa sarrafa shi a gida.

Sai batun siyasa, aka ce mu daina sayar da ƙuri'a kan taliya da sabulu, sannan tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, to mu haɗu unguwa guda mu je wajen kansila da ciyaman mu tambayi nawa ya shigo, me aka yi da shi.