An fasa shagona, ba ni da rasit ɗin yawancin kayan: yaya zan tabbatar wa inshora?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum. Ɓarayi sun fasa shagona jiya da dare, sun ɗauke kekunan ɗinki biyu, janareta da waya. Kamfanin inshora yana neman shaidar mallaka da darajarsu, alhali rasit ɗin janareta kawai nake da shi. Ina mafita?

Hajiya daga Marwa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ka fara kai ƙara wajen jandarma, ka karɓi takardar shaida, sannan ka sanar da kamfanin a rubuce yau ɗin nan, domin dokar inshora ta CIMA (ƙungiyar kula da harkar inshora ta wasu ƙasashen Afirka), wadda Kamaru da Cadi suke bi, ta sanya wa'adin awa 48 na sanar da kamfanin idan sata ce. Kada ka gyara kwaɗon da aka ɓalle sai mai binciken kamfanin ya gani.

Malam daga Ngaundere: Ɗan'uwa, koma wurin dillalin da ya sayar maka, ya ba ka kwafin rasit daga littafinsa. Kwalin waya yana ɗauke da lambar IMEI (lambar shaidar da kowace waya take da tata), tsofaffin hotunan shago ma suna taimakawa. Sai dai galibi ana rage kuɗin tsufan kaya, don haka ka duba yarjejeniyarku tukuna.