An dakatar da maganin sankarar jini saboda juna biyu: sakaci ne ko ƙa'ida?

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum. Shekaru ke nan ina shan imatinib saboda sankarar jini mai daɗewa a jiki, wadda likitoci ke kira CML. Da aka tabbatar ina da juna biyu, likita ya dakatar da maganin nan take, ya ce yana iya yi wa ɗan tayi lahani a watannin farko da gaɓoɓinsa ke haɗuwa. Gwajin jini na PCR na wannan wata ya nuna BCR-ABL, wato alamar cutar da ake aunawa a jini, ya tashi daga 0.01 zuwa 0.06 cikin ɗari, amma iyakar abin da ya ce shi ne mu jira gwaji na gaba. Ashe bayan na warke sai a zuba ido cutar ta dawo? Ni a ganina wannan sakaci ne.

Ɗalibin likitanci: Allah ya sauke ki lafiya, Yaya, amma ba ki warke ba. Cutar tana tasowa ne daga musayar yanki tsakanin kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 9 da na 22, kuma imatinib danne ta yake yi, ba ya tumɓuke ta. Wanda sakamakonsa ya sauka zuwa 0.01 an ce cutarsa ta lafa sosai, ba a ce ta tafi ba.

Mijin wata mai cutar: Malam, wa ya ba ka ikon yanke wa baiwar Allah hukuncin cewa ba ta warke ba? Matata ta daina shan magani da izinin likitanta, kuma har yau gwaji ba ya gano komai a jininta. Idan wannan ba waraka ba ce, to mece ce?

Ɗalibin likitanci: Rashin ganin abu a gwaji yana nufin ya yi ƙasa da abin da na'urar ke iya ganowa. A cikin waɗanda suka daina magani bayan cutar ta lafa sosai, kusan rabi sakamakonsu yakan sake tashi, galibi cikin watanni shida na farko, shi ya sa ma ake ci gaba da gwada matarka.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanena, karatunka daidai ne, amma ba haka ake magana da mai ciki wadda hankalinta ya tashi ba. Ku ɗalibai da zarar kun haddace babi ɗaya sai ku fara yi wa marasa lafiya gyaran harshe.

Ɗalibin likitanci: Hajiya, da gaskiya mai ɗaci da lallashin da zai sa mutum ya daina zuwa gwaji, na zaɓi ta farko.

Mijin wata mai cutar: Kun ga halin nasu ke nan. Likita ba ya taɓa laifi a bakin ɗan'uwansa, ko da kuwa bai gama makaranta ba.

Wata uwa mai cutar: Ni ma na yi goyon ciki da wannan cuta, kuma da sakamakona ya haura 0.1 allurar intaferon aka koma yi mini, domin ita ba a san ta da cutar da ɗan tayi ba. Kalmar waraka kuwa ban taɓa jin ta a bakin likitana ba.

Ma'aikaciyar jinya: Rashin jin ta a bakin likitanki ba hujja ba ce, 'yar'uwa. Tun da aka amince da imatinib a Amurka a 2001, masu wannan cuta da dama suna rayuwa kusan tsawon ran sauran mutane, suna aure suna haihuwa. Wanda ya kira wannan waraka bai yi ƙarya ba.

Mai ƙorafi: Don Allah, tambayata a kan jiran da aka ce in yi ce.

Mijin wata mai cutar: Ki yi haƙuri, sai yaron nan ya janye maganarsa tukuna.

Shugabar zaure: Zan rufe wannan batu haka nan. Abin da na fahimta shi ne likitan bai yi sakaci ba, domin 0.06 bai kai iyakar 0.1 da ake sa wa ido ba, kuma gwaji wata-wata shi ne abin da ake yi wa mai cikin da aka dakatar wa magani. Idan lambar ta ci gaba da hawa akwai intaferon, kuma bayan mako na 15 ko 16 na ciki wasu likitoci sukan duba yiwuwar komawa kan imatinib, saɓanin dasatinib, wani maganin wannan cuta, da ake guje wa har a haihu. Game da waraka, ɗalibinmu ne ya fi kowa hujja, kuma na lura cewa masu sukarsa, ciki har da wanda ya kira shi yaro, ba su kawo komai ba sai labarin gida da ɓacin rai. Ya kamata mai ƙorafi ta tambayi likitanta adadin da idan an kai shi za a sauya shiri, ta kuma tayar da maganar shayarwa tun yanzu, tunda maganin yana fita a ruwan nono.